AMSOSHIN WASIƘUNKU: Injin Da Duka Ke Tayarwa, A Duba Kan Wayarsa

  

Yau wasiƙu biyu kaɗai zan ɗauka. Waɗanda suka aiko da tambaya kan takin zamani da ajiyar wake su yi mini haƙuri sai mako mai zuwa. Da na fara karanta biyun nan ban ga abin da ya haɗa su ba, ɗaya daga birni ɗaya daga ƙauye, ɗaya maganar wasan yara ɗaya maganar gona. Sai da na kwashe su na kai wa masu aikin riwaya a Kakuri, na kuma leƙa kasuwar Panteka, sa'an nan na gane ashe ciwo ɗaya ke cin mutanen nan biyu.

Ta farko daga wani saurayi ce a Tirkaniya, nan ƙetaren kogin Kaduna ta kudu, maƙwabtan Nasarawa. Ga abin da ya ce: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, ina da ɗan shago inda yara ke zuwa buga gem. Akwati biyu gare ni irin na tsaye, kowane gefe da sanda ɗaya da maɓalli shida, na hannu na saya. Da shagon nan nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena uku. Wata biyu ke nan maɓallan gefen dama na akwati ɗaya suna yi mini wasa da hankali, yau su yi gobe su ƙi. In yaro ya bugi akwatin da hannu sai su dawo. Sau uku ina kiran mai gyara, ya murɗa waya ya naɗe da baƙin salatif, kwana biyu abin ya dawo. Yanzu ya ce sai na sayi sabon allon injin gaba ɗaya, kuɗin kuwa ya fi cinikina na wata. Yara sun fara komawa wani shago. Ina mafita?"

Ta biyu daga wani manomi ce a ƙasar Giwa. Ya ce: "Malam, bara na sayi injin feshi na goyo mai aiki da batir, don na gaji da bugun hannu. Bana tsutsa ta shiga masarata, na haɗa magani na goya, sai injin ya yi ta yankewa. In na girgiza shi ya tashi, in na yi taku goma ya mutu. Na canza batir bai daina ba. Tsutsa kuwa ba ta jira."

Gaskiyarka Malam, ba ta jira. Wannan tsutsa da aka fara gani a Nijeriya a 2016, in ta shige tsakiyar masara ta girma, da kyar magani ke cim mata. Saboda haka bari mu tafi kai tsaye.

Jama'a, ku lura da magana guda da ta fito a wasiƙun nan. Wancan ya ce in an buga sai ya dawo, wannan ya ce in ya girgiza sai ya tashi. To duk kayan lantarkin da duka ko girgiza ke tayarwa, a fara neman laifin a inda waya ta haɗu da ƙarfe. Allon da ya ƙone ba ya farfaɗowa don an mare shi. Saboda haka ɗan'uwa na Tirkaniya, riƙe kuɗinka tukuna.

In ka buɗe murfin akwatin ka leƙa ƙarƙashin kowane maɓalli, za ka ga wani ɗan abu na roba, baƙi ko toka-toka, bai kai rabin kwalin ashana ba, da ɗan tsinin da ake dannawa a sama, da ƙafafu na ƙarfe masu faɗi suna leƙowa. Turawa na kiransa maikuro-suwic, watau ƙaramin makunni. Shi ne ke yin ƙarar nan "ƙas" in an danna. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe mai tsalle kamar bakin tarkon ɓera: ko a hankali ka danna, in ya kai wani matsayi sai ya ɗana farat ɗaya, ya haɗa wuta sosai, ba ya tsayawa tsaka-tsaki. Wani mai suna McGall ne ya ƙago shi a 1932 a garin Freeport na jihar Illinois a Amurka, a 1937 aka kafa masa kamfani, daga 1950 kuma ya koma hannun kamfanin Honeywell. Yau ba ya ƙidayuwa. Yana cikin ƙofar na'urar ɗumama abinci, yana cikin ƙwallon nan da ke iyo a tankin ruwa ya kashe famfo in tanki ya cika. Kuma Malam na Giwa, da yawa daga cikin injunan feshi masu batir akwai shi a kan famfonsu: in ka saki hannun feshi, ƙarfin ruwa ya taru, shi ne ke kashe injin. Ka ga inda kuka haɗu da saurayin Tirkaniya ke nan. Masu ƙera shi kan gwada shi da dannawa sau miliyoyi, don haka shi kansa bai cika mutuwa da wuri ba. Abin da ke jikin ƙafarsa shi ne mai yawan ba da kunya.

Ƙafafun uku ne galibi, kuma an rubuta sunan kowace a jikin robar. Akwai COM, ita ce uwa, kullum akwai waya a kanta. Akwai NO, wadda ba ta haɗuwa da uwar sai an danna. Akwai NC, wadda ke haɗe da uwar kullum sai in an danna ta rabu. Akwatin wasa COM da NO yake amfani da su, domin ba a son ɗan dambe ya kai naushi sai yaro ya danna. In aka yi kuskure aka sa a NC, sai ka ga mutumin cikin gem ya ɗauki hanya yana tafiya shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi. Famfon feshi kuwa akasin haka ne, COM da NC, ya yi ta aiki har sai ƙarfin ruwa ya danna makunnin ya tsayar da shi. Kafin ka cire kowace waya, ɗauki hotonta da wayar hannu, ko ka zana a takarda. Wannan shawarar tsohon malamin firamare ce, kada a raina ta.

To yaya waya ke kama waɗannan ƙafafu? Da wata 'yar hula ta ƙarfe da ake matsewa a bakin wayar, sa'an nan a zura ta a ƙafar kamar yadda ake zura wuƙa a kube. Masu riwaya na ce mata taminal, ni dai hular waya zan riƙa cewa. Wani kamfani a Amurka mai suna AMP, wanda Uncas Whitaker ya kafa a 1941, shi ya shahara da wannan dabara ta haɗa waya ba tare da narka dalma ba, kuma jiragen sama da na ruwa aka fara yi wa, inda jijjiga ba ta ƙarewa. Wanda ke shakka ya buɗe bonet ɗin tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa nan Kakuri a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Ya duba wayoyin asali na kamfani, zai ga huluna ne matsattsu, kuma da yawansu suna nan daram bayan shekaru talatin da ɗoriya a kan hanyoyinmu. Inda ya ga murɗi da salatif, to hannun wani ne daga baya.

Abu na farko wajen sayen hula shi ne faɗin bakinta, kuma a nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Kala uku ne suka fi yawa: mai milimita 2.8, da mai 4.8, da mai 6.3. A kan leda wani lokaci da inci ake rubutawa, sai ka ga 110, ko 187, ko 250. Su ɗin ne dai. Maɓallai irin na Japan, kamar na kamfanin Sanwa da Seimitsu, masu laushin dannawa, ƙaramar suke ci, mai 2.8. Dogayen maɓallai irin na Amurka, masu makunni a maƙale a gindi, galibi mai 4.8 ce tasu, jefi-jefi a samu mai 6.3. Matsalar ita ce a shagon kayan mota da babur mai 6.3 ta fi yawa, don ita ce ta hon da fitila. Sai mai gyara ya ɗauko ta ya zura a ƙafa mai 4.8. Za ta shiga, amma kamar yaro ne ya sa takalmin babansa. Yara na dukan maɓalli tun safe, hula na rawa, wuta na ɗaukewa tana dawowa. Ko an ɗan matse bakinta da filaya, kwana kaɗan za ta sake buɗewa.

Ari rula daga jakar ɗan makaranta ka auna faɗin ƙafar. Kusan milimita 3, ko kusan 5, ko 6 da ɗan kai, ido ma zai raba maka su. Mafi sauƙi duka, ciro makunni ɗaya ka sa a aljihu ka tafi da shi kasuwa, ka gwada a gaban mai shago. Dalili kuwa, ban da faɗi akwai kauri: wata ƙafar rabin milimita ce, wata 0.8, kuma hular da aka yi wa mai kauri ba ta kama siririya da kyau. Hular da ta dace sai ka ɗan sa ƙarfi take shiga, in za ka cire kuma sai ka yi da gaske. Wadda ta shige salin-alin, mayar masa da abarsa.

Malam na Giwa, kai ma wannan ya shafe ka. Ƙananan baturan nan masu bolt 12 na injin feshi da fitilar caji, ƙafafunsu iri biyu ne, akwai mai 4.8 akwai mai 6.3. Ka ce ka canza batir. Duba da kyau, mai yiwuwa ne sabon ƙafarsa ta fi ta tsohon ƙanƙanta, hular tana lilo a kai, ka ƙara wa Barno dawaki ke nan ba ka sani ba.

Abu na biyu shi ne gindin hular, inda waya ke shiga. Masu rigar roba an raba su da launi, kuma launin ba ado ba ne. Ja ta siririyar waya ce, daga rabin milimita zuwa 1.5 a ma'aunin kaurin da ake rubutawa a jikin waya. Shuɗiya daga 1.5 zuwa 2.5. Rawaya daga 4 zuwa 6. Wayar maɓallin gem siririya ce ƙwarai, don bolt 5 kacal ke bi ta cikinta, shi ma saƙo kawai yake kaiwa, saboda haka ja ce taka ɗan'uwa. In wayar ta yi sirantaka har tana yawo a cikin jar ma, feɗe ta da ɗan tsawo ka ninka bakin biyu, ya cika ramin. Siririyar waya a cikin shuɗiyar hula ko rawaya, ko da guduma ka matse ba za ta riƙe ba.

Sai ita wayar kanta. A nan zan ɗan tsaya, domin 'yan kasuwa na jina. Akwai wayar da ke yawo wadda ido zai ce jan ƙarfe ce, alhali alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Ba ta da nauyi a hannu, in ka kankare sili ɗaya da reza sai ka ga fari a ciki, in ka kara mata wutar ashana sai ta lanƙwashe ta zube. Akwai kuma ta baƙin ƙarfe da aka yi wa irin wannan shafe, ita maganaɗisu na kama ta, jan ƙarfe na gaskiya kuwa ba ruwansa da maganaɗisu. Irin waɗannan ba sa ɗaukar wuta kamar ta ainihi, suna saurin karyewa a bakin hula, danshi kuma na cinye su. A nemi mai tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON. Mu a Kaduna ba baƙin waya ba ne, a Kakuri aka kafa kamfanin NOCACO mai yin ta. Sa'an nan a zaɓi mai sili da yawa, mai laushi. Waya mai ƙarfe guda ɗaya irin ta cikin bango ba a yi ta don wurin da ke motsi ba.

Yanzu matsewar. Feɗe rigar waya kamar milimita 5 zuwa 6, gwargwadon tsawon gindin hular. Yi a hankali kada ka yanke silin, domin kowane sili da ya tafi hanyar wuta ce ta ragu. Masu feɗewa da haƙori, Allah ya shirye ku. Ɗan murza silin kaɗan don su haɗu, zura su duka, kada ko ɗaya ya tsaya a waje yana leƙe. Bakin jan ƙarfen ya ɗan fito ta gaba kamar milimita ɗaya, rigar wayar kuma ta zo ta dafa gindin hular ba tare da ta shiga inda za a matse ba. In ka matse a kan roba, hula za ta yi kyau a ido amma wuta ba za ta wuce ba.

Akwai wata hular marar riga, mai fukafukai huɗu a gindi, biyu gajeru a gaba biyu dogaye a baya. Ita ce irin ta kamfani. Na gaba su ke rungumar jan ƙarfe, na baya su rungumi rigar waya, don in an ja wayar ko ta yi lilo nauyin ya faɗa kan roba. In an matse ta daidai fukafukan kan lanƙwaso su nutse cikin silin, ka ga bayanta ya yi tudu biyu kamar harafin B a kwance.

Da me ake matsewa? Akwai filaya ta musamman don wannan aiki. Mai kyau ita ce mai haƙoran kulle, wadda in ka fara matsawa ba ta buɗewa sai ka kai ƙarshe, kuma a bakinta akwai ramuka masu ɗigon ja da shuɗi da rawaya, kowace hula da raminta. Masu fukafukai kuma da nasu bakin daban. Filayar gida ta yau da kullum lallatsa hula kawai take yi ta yi faɗi, silin su baje gefe, iska na shiga tsakaninsu. Manoma za su fi kowa gane wannan. Damin dawa in an ɗaure shi sako-sako, kafin a kai gida zangarniya ta fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. In ko an sa gwiwa an ja igiya, sai ya zama abu guda. Haka filayar matsi ke yi: tana tattara silin ta dunƙule su da ƙarfen hular har ba sauran wurin da iska ko danshi zai shiga. Inda iska ba ta shiga, tsatsa ba ta samun wurin zama. Ga mu da damina mai tsawo a Kaduna, ga ƙurar hunturu, ga Tirkaniya kusa da kogi.

Na san wani zai ce kuɗin filayar fa? Ɗan'uwa na Tirkaniya, kai da ke da akwati biyu, kowanne da makunni wajen ashirin in an haɗa da na sanduna, sayenta ya fi maka kiran mai gyara sau uku. Manomi mai injin feshi guda kuwa ba sai ya saya ba. Ya yanko wayoyinsa ya kai wa mai riwaya ranar kasuwa, ya tsaya a kansa ya ga da abin da zai matse. Ko kuma ƙungiyar manoma ta sayi guda ta ajiye wajen ma'aji, kamar yadda ake ajiye sikeli.

Da ka gama, gwada. Riƙe hula da hannu ɗaya, waya da ɗaya, ka ja da ƙarfi. A ƙa'idar gwaji da ake bi a Amurka, siririyar waya irin ta maɓalli dole ta jure jan da ya kai kilo 3 da rabi, wadda ta ɗan fi ta kauri irin ta fitilar babur kuma kilo 9. Ba sai kana da ma'auni ba. Galan mai lita 4 in ka kusa cika shi da ruwa ya kai nauyin farko, rataya shi ka gani. Wadda ta zare, yanke ka sake da sabuwar hula. Hula ba ta matsuwa sau biyu.

Wani zai tambaya, me zai hana a like da dalma a huta? Dalma na da wurinta, a kan allon rediyo da talabijin. Amma a wayar da ke shan jijjiga, narkakkiyar dalma kan bi cikin silin ta sandarar da su, sai wayar ta riƙa lanƙwasa a daidai inda taurin ya ƙare har ta karye a cikin rigarta, ido bai gani ba. Ga shi zafin ƙarfen liƙi kan narka robar makunnin in an daɗe. Kuma ranar da makunni ya mutu, mai hula zare ta kawai zai yi ya sa sabo cikin minti ɗaya, yara na tsaye da kuɗinsu a hannu. Haka nan kada a shafa wa bakin waya dalma sa'an nan a matse shi cikin hula. Dalma taushi gare ta, a hankali take kwantawa, bayan wata biyu sai matsin ya saki. Murɗi da salatif kuwa ni ganau ne. Wata shekara ina dawowa daga ƙauyen da nake koyarwa, da daddare, fitilar babur ɗina ta ɗauke a kan gangara, sai ga ni cikin kwalbati da buhun masarar da aka ba ni tsaraba. Da gari ya waye aka duba, wayar da wani ya murɗa mini a makon ne zafin inji ya narkar da salatif ɗinta ta zame. Har yau gwiwata na tuna mini in sanyi ya shigo.

Mu koma kan akwatinka ɗan'uwa, don akwai abin da nake zargi. Kowane maɓalli yana da tasa wayar da ke tafiya allo, amma wayar komawa, wadda galibi baƙa ce, guda ɗaya ce ke bi ta ƙafar COM ta wannan ta tsallaka ta wancan, kamar raƙuman ayari a igiya ɗaya. A kowace hula wayoyi biyu ke shiga, mai zuwa da mai wucewa. In ta saki a wuri ɗaya, duk maɓallan da ke bayan wurin sai su mutu tare, na gabansa kuwa suna aiki. Ka ce na gefen dama ne ke ɗaukewa gaba ɗaya. To bi baƙar wayar da yatsa, daga maɓalli na ƙarshe mai aiki zuwa na farko marar aiki, laifin na tsakaninsu. Masu gyara da yawa kan dawo da ƙarshen baƙar wayar su haɗa ta da mafarinta ta zama zobe, yadda ko ta yanke a wuri ɗaya wuta za ta zagayo ta ɗaya gefen. Wayar taku biyu ce za ta ci maka.

In kuma maɓallai uku na layin ƙasa ne kaɗai ke mutuwa, akwai wani wurin dubawa. A 1985 ƙungiyar masu ƙera injunan wasa ta Japan, JAMMA, ta fitar da tsari guda na mahaɗin allo mai haƙora 56, kowane gefe 28, don allon kowane kamfani ya shiga akwatin kowa. Ba a tanadi maɓalli shida ga kowane ɗan wasa a tsarin ba. Da kamfanin Capcom ya fito da Street Fighter II a 1991 mai maɓalli shida, sai aka ƙara wata 'yar mahaɗa daban don maɓallan shuri uku. A tsofaffin alluna ita ma takan saki. Zare ta, busa ƙura, mayar da ita ta zauna sosai.

Kafin duk wannan, zare filogi daga bango. Wayar maɓalli ba ta kisa, amma a cikin akwatin nan akwai wuta mai bolt 230 da ke shigowa daga layi ko janareta. In kuma talabijin ɗinsa tsohuwa ce mai ƙusumbi, kada hannunka ya je bayanta sam. Irinta kan yi aiki da bolt 20,000 ko fiye, kuma tana riƙe saura ko bayan an kashe. Wannan sashe na mai gyaran talabijin ne. Sa'an nan, da yake alli bai gama fita daga hannuna ba, in an gyara akwati a rufe shago lokacin makaranta da na Islamiyya. Iyayen unguwa za su fi sa maka albarka, su ne kuma masu ba yaran kuɗin.

Malam na Giwa, saura kai. Naka ya fi na saurayin nan haɗari ta wani gefe, domin famfo wuta yake ja ta gaske. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce injin na jan amfiya 3, sai mahaɗa ɗaya ta yi tsatsa har ta tare hanya da rabin om, shi ne ma'aunin taurin kan hanyar wuta. Wannan mahaɗa kaɗai za ta cinye bolt 1 da rabi daga cikin 12 ɗinka, ta mayar da shi zafi na wat 4 da rabi a wurin da bai fi ƙwayar wake ba. In irinta biyu ne, bolt 9 ke nan ke isa famfo, sai ka ji muryarsa ta yi ƙasa ka ce batir ne ya tsufa. Zafin kuma na sassauta hular, sassautawar na ƙara zafin, har roba ta narke. Saboda haka bayan injin ya yi aiki na ɗan lokaci, kashe shi ka taɓa kowace mahaɗa. Wadda ta fi 'yan'uwanta ɗumi ita ce ɓarauniyar.

Ka juye maganin, ka wanke tankin da bayansa, ka sa safar hannu, sa'an nan ka buɗe gindin injin ka fara cire wayar batir. Duba hulunan batir, da na makunnin kunnawa, da biyun da ke kan famfo. Wadda ta yi kore ko fari-fari, maganin feshi da danshi sun ci ta, yanke ta har sai ka kai inda jan ƙarfe ke sheƙi, ka sa sabuwa daidai da kaurin wayar. Goge ƙafar da 'yar takardar yashi. Bayan ka zura, shafa ɗan man basilin a kai don ya kore ruwa, in ka sami robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi ka sa mata. In duk ka yi wannan bai tashi ba, zare wayoyi biyun da ke kan makunnin famfo, mayar da batir, ka haɗa bakinsu na ɗan lokaci. In famfo ya tashi, makunnin ne ya mutu, ciro shi ka kai kasuwa a ba ka mai lamba irin tasa. Amma kada ka bar su a haɗe ka tafi gona, don ba abin da zai tsayar da famfon in ka saki hannu, sai tiyo ya fashe maka da magani a gadon baya. In akwai fis kusa da batir a bar shi fis, kada a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar sigari.

Ku duka biyun ku rubuto ku shaida mana yadda aka ƙare, musamman kai na Tirkaniya, ina son in ji ko baƙar wayar ce. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai maganar taki da ajiyar wake. Na bar ku lafiya.